Ruwan Ɗauraya

Ƙanin mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma a layinmu ba mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Mai Feshi kowa ke ce masa, har ni da na san shi tun gemu bai fito masa ba. Shi kuma Yaya yake ce mini, tun daga ranar da na shigo danginsu har yau da furfura ta gama da mu duka biyun.

Ko ya ba ka baya za ka gane shi, domin kafaɗarsa ta hagu ta karkace ƙasa. Tankin feshi ne ya yi masa haka. Igiya biyu gare shi, ɗaya ta tsinke tun da daɗewa, shi kuwa kullum gobe zai gyara, har kafaɗar ta haƙura ta bi igiyar da ta rage. A wani babban sito na hatsi ya fara aiki yana saurayi, shara da ɗinke buhunan da suka yage. Can wani dattijo mai feshin ƙwari ya ja shi jikinsa, ya koya masa awon magani, da ɗaure hanci, da wanke hannu har gwiwa kafin ya taɓa abinci. Da aka rufe siton, tsohon tankin aka ba shi a matsayin sallama. Da shi ya shiga bin gidaje: kyankyaso, gara, tururuwa, sauro, da uwa uba kuɗin cizo, wanda ke ɓuya a ɗinkin katifa da tsagar gado ya sha jinin mutum yana barci.

Aikin feshi aikin amana ne. Mai gida zai kwashe iyalinsa su ba da wuri na wuni guda, ya miƙa wa wani makullin ɗakin kwanansa, inda akwatin matarsa yake, inda abin da ba ya so a gani yake. Waɗanda suka saba da Mai Feshi ma bar masa makullin suke yi gaba ɗaya. Ya zura su a wata waya ya rataya a ƙugu, kowane da zaren da ya ɗaura masa, ja ko kore ko shuɗi, don ya gane na wane ne. Marigayi mijina yakan ce idan ƙaninsa ya taho sai ka rantse mai gadin kurkuku ne ya zo ɗaukar mutum. Shi dai murmushi kawai yake yi. Waɗannan makullan su ne abin alfaharinsa, ko da yake bai taɓa faɗa da bakinsa ba.

Wajen awo kuwa ba ya wasa. Zai zuba maganin a murfin kwalba, ya ɗaga shi daidai idonsa, leɓensa na motsi da bisimilla, sannan ya juye a tanki. Ɗigo ɗaya bai yarda ya ƙaru ko ya ragu ba.

Abu ɗaya ne ya kasa yi irin na sauran masu sana'ar. Idan an gama aiki dole a ɗauraye tanki, kuma kowa a kwata yake zubar da ruwan ɗaurayar. Shi sai ya shinshina ya ji har yanzu da sauran ƙarfin magani a ciki, ya ce zubar da wannan almubazzaranci ne alhali ga bayin Allah ƙwari na cin su ba su da halin kiran mai feshi. Saboda haka bayan la'asar yakan biyo ta babban gidan hayar da ke ƙarshen layi, inda na koma da zama bayan rasuwar yayansa. Ya fesa mini a ƙafafun gado, ya shiga ɗakin Mai Wanki da ke kusa da ni, ya leƙa na wani tsoho da idonsa ya tafi, haka ɗaki ɗaki har tankin ya bushe. Ko godiya ba ya tsayawa ji. Mu kuwa addu'a muke bin sa da ita har ya fice.

Shekarun farko abin ya yi mana rana. Da safe idan na zura tsintsiya ƙarƙashin gado sai in jawo gawarwakinsu, sun bushe kamar ƙaiƙayi. A hankali abin da tsintsiya ke jawowa ya riƙa raguwa, ɗigon jini a zanen gado kuma yana ƙaruwa. Ina alwalar asuba sai in ji ƙuraje a jere a bayan wuyana. Na gani, Mai Wanki ma ta gani, domin ta hannunta zannuwan gidan suke bi. Ba wadda ta yi magana a cikinmu. Mutum ya ɗauko tanki da karkatacciyar kafaɗa ya zo ya yi maka alheri, da wane baki za ka ce masa alherin ba ya aiki? Ya tambaye ni ya ya ƙwari, in ce alhamdulillahi, da sauƙi.

Daga gidanmu suka bazu, ko kuma ta wasu hanyoyin da ban sani ba. Kuɗin cizo ba ya neman izini, a kalmasar riga yake tafiya, a ƙullin wanki, a jakar mai ziyara. Gidajen da ke biya a yi musu cikakken feshi suka fara ƙorafi. A yi feshi yau, kafin wari ya gama fita daga ɗaki an koma susa.

Tela ne ya fasa maganar. Shagonsa na tsakiyar layi, ɗakinsa na sama da shagon, kuma Allah ya yi masa baki mai kaifi kamar almakashinsa. Ya sa an yi masa feshi sama da ƙasa har sau biyu, sai ga wani mutum ya dawo masa da sabuwar rigar da ya ɗinka, ya buɗe masa kalmasar wuya a gaban jama'a, ga su nan a jere. Da Mai Feshi ya zo wucewa, Tela ya tsaya a ƙofar shago ya ce ya daɗe yana ganinsa yana shiga gidan haya da tanki fal ruwa, ashe su ma ruwan ake sayar musu, warin ne kawai na magani.

“Ba ni makullina, Ruwa-Ruwa,” in ji shi. “In ruwa nake so a watsa mini, akwai famfo a bayan shago.”

Aka yi dariya. Mai Feshi ya kwance wayar daga ƙugunsa, ya zaro mai shuɗin zare ya miƙa masa. Sunan kuwa ya bi shi. Kafin wata ya ƙare, wannan ya aiko a karɓar masa makulli, wancan ya ce ya canza kwaɗo. Wayar da ke ƙara idan yana tafiya ta koma shiru, saura nawa da na wani gida da masu shi suka yi tafiya ba su ji labari ba.

Matarsa, wadda har yau Amarya muke ce mata ko da yake tana da jikoki, ta ba shi shawara ya tara dattawan layin ya dafa Alƙur'ani ya rantse bai taɓa sirka wa kowa magani ba, a huta. Ya ce rantsuwar gaskiya ce zai yi, kuma watakila ta rufe bakin mutane, amma ba za ta kashe ƙwaro ko ɗaya ba, ba kuma za ta gaya masa abin da ya faru ba. Da farko maganin ya zarga. Ya koma wurin mai sayarwa, aka nuna masa kwali ba a fasa ba. Ya tsallaka wata kasuwa ya sayo irinsa a wani hannun. Duk ɗaya.

Wata safiya ya yi sallama a ƙofata ba tanki a bayansa. Bayan mun gaisa ya zauna a bakin ƙofa ya ce, “Yaya, tsakaninki da Allah, ya ya ƙwari?”

Na ɗaga zanen gado, na naɗe gefen katifa na buɗe masa ɗinkin. Suna nan kwance sun yi ɓul-ɓul, manya da ƙanana, ga ƙwai farare kamar an barbaɗa gishiri, daidai wurin da ya sha fesawa da hannunsa. Ya daɗe a tsugune yana kallonsu. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce an kwana biyu. Ya gane kwana biyun nawa shekaru ne. Bai yi mini faɗa ba. Kwalba kawai ya roƙa, mai faɗin baki, ya riƙa tura su ciki da tsinken tsintsiya.

Ƙwarin kwalba ta biyu daga wurin wani mai gwanjo ya samo su. Mutumin ya kawo tsofaffin gadaje daga wani wuri mai nisa inda ba a san feshi ba, Mai Feshi ya je ya roƙi a bar shi ya kakkaɓe su. Mai gwanjo ya ɗauka taɓin hankali ne, ya ce ya kwashe har da na gobe. Amarya ta ce ko ita ko kwalaben a gidanta, saboda haka a ɗan ɗakin ajiyata suka sauka, kan wani katako tsakanin murhu da jarkar kananzir. Ya rufe bakin kowace da yadi shara-shara ya ɗaure da roba, ya jera su cikin faranti mai ruwa don kada wani ya tsere. Na gidanmu muka sa musu 'yan gida, na mai gwanjo muka sa musu baƙi.

Ya haɗa magani a cikakken awo, ya tsoma takarda ya shanya ta, ya shimfiɗa a kwano biyu, ya ɗebi kaɗan daga kowace kwalba ya zuba. Washegari muka buɗe. Baƙi sun mutu, ƙafafu a sama. 'Yan gida kuwa suna ta yawonsu a kan takardar kamar an shimfiɗa musu darduma. Magani ɗaya, awo ɗaya, hannu ɗaya. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce to ba maganin ba ne, ba kuma hannunsa ba ne, ƙwarin ne ba irin na da ba.

Ya ɗauki kwanon baƙi zai juye a wuta, na riƙe hannun rigarsa. Idona ya fi nasa, shi tururin magani ya ɗan taɓa masa gani. Cikin gawarwakin akwai 'yan ƙalilan da ke motsa ƙafa, ɗaya ma ya mirgina ya tashi. Ya ce ƙila maganin bai same su sosai ba. Na ce ƙila, amma ni na haifi 'ya'ya, na ga yadda ƙyanda ta kwantar da ɗaya har muka fid da rai, ɗan'uwansa kuwa da suke gado ɗaya kwana biyu ya yi ya miƙe yana neman abinci. Ciki ɗaya suka fito, jikin kowa daban. Me zai hana ƙwari su ma haka suke?

Sai ya ce in nemo masa kwalba ta uku.

A nan wahalar ta fara, domin kuɗin cizo ba ya haihuwa sai ya sha jini, kuma ba wanda zai ba su sai shi. Yakan zo da hantsi ya naɗe hannun riga, ya kifa bakin kwalba a kan damtsensa, su riƙa sha ta cikin yadin. Ya zauna a kujerata yana jan carbi da ɗaya hannun har su ƙoshi. Damtsen ya yi jajir, ya kumbura, ya yi ɓawo. Na ce masa mutane tumaki suke kiwo su ci riba, shi ya rasa abin kiwo sai mai cin sa. Ya ce ai ni ce uwar ɗakinsu tunda a gidana suke haya, in yi haƙuri da su. Amarya ta daina yi masa magana na ɗan lokaci, daga baya kuma ita ce ke aiko da man shafawa.

Baƙin da bai taɓa sa wa magani ba ya bar su a kwalbarsu, ci da haihuwa kawai. Waɗanda suka tashi daga cikin gawarwaki kuwa ya haɗa su da wasu 'yan'uwansu a kwalba ta uku, ya shiga yi musu abin da ya saba yi mana. Idan ƙwai ya ƙyanƙyashe 'ya'yan suka ɗan girma, sai ya shimfiɗa musu takardar da ya tsoma a ruwan ɗauraya. Mafi yawa su mutu, ya kwashe su, ya ciyar da waɗanda suka rage. Su yi ƙwai, ya sake. A zubi na gaba gawar ta ragu. A na bayansa ta ƙara raguwa. Ni ke share katakon, don haka na san abin da nake faɗa: abin da na gani a ƙarƙashin gadona cikin shekaru, shi na sake gani a kan katakon nan kafin shekara ta zagayo.

Duk tsawon lokacin nan aiki ya tsaya masa. Ya koma ɗinke buhu a kasuwa kamar yadda ya fara. Idan ya ratsa layi wani ya ce Ruwa-Ruwa an fito, ya ɗaga hannu ya amsa gaisuwar kamar da sunansa aka kira shi. Ni na san abin yana cinsa, domin sau da yawa nakan ga hannunsa ya tafi ƙugu yana laluben abin da babu.

Mu biyu mun tsaya a kan cewa sabo ne, ƙwarin sun saba da magani kamar yadda harshe ke sabawa da yaji. Autata ce ta gyara mana. Nas ce a wani asibiti, ta zo hutu ta tarar da baffanta da kwalba kife a damtse, saura kaɗan ta juya. Da ta ji labarin sai ta jawo kujera. Ta ce, Baffa, wanda ya mutu ai bai saba da komai ba, ya dai mutu. Wanda ya rayu kuma ba koyo ya yi ba, haka aka haife shi, da wani abu a jikinsa da ya sa maganin bai kayar da shi ba. Shi ne ya rage ya yi ƙwai, 'ya'yansa da yawa suka gado shi. Aka sake fesawa, aka sake kwashe raunanan cikinsu. Ta ce haka suke fama da ƙwayoyin cuta idan maras lafiya ya ji sauƙi ya ajiye magani a rabi, kuma an koya musu cewa ta wannan hanyar halittu ke sauyawa a tsawon zamani: kowane zubi da bambanci a cikinsa, wurin zama yana zaɓen wanda ya dace da shi, sauran su tafi ba su bar baya ba.

Na kwana biyu ina juya maganar, ina tsoron kada ta zama irin wadda mai salla bai kamata ya saurara ba. Sai wata rana ina tankaɗe na ga abin a hannuna. Rariya ba ta ƙirƙiri tsaki ba, tun a turmi yake cikin garin. Ita dai ta bar laushi ya wuce, ta riƙe mai tauri. Wanda ya sa bambanci a cikin 'ya'yan ciki ɗaya shi ya san da rariyar, kuma ba abin da ya motsa a kwalbar nan ba da saninsa ba. Zuciyata ta kwanta. Da na gaya wa Mai Feshi, ya daɗe yana kallon kwalba ta uku.

“Wato ni ne mai tankaɗen,” ya ce. “Kullum la'asar ina kashe musu ragwaye, ina bar wa ƙarfafa gado da abinci.”

Auta ta ce kada ya ɗora wa kansa duka. Ko cikakken awo ma idan aka daɗe ana maimaita iri ɗaya haka zai faru, kuma wa ya san daga ina wasu suka shigo layin. Ya ce ya ji, amma na wasu ba ya hannunsa, kasonsa shi ya sani.

Da ya shirya fuskantar Tela na ba shi shawarar da har yau ban tabbata kuskure ba ce. Na ce ya tafi da kwalba biyu, 'yan gida da baƙi, sun isa su wanke shi. Ta ukun ya bar ta a kan katako, ba wanda ya san da ita sai mu. Ya ce idan ya bar ta, gobe wani mai tausayi zai yi wa maƙwabtansa abin da ya yi mana. Ya saka ukun a kwando ya rufe da tsumma.

Na bi shi daga baya na tsaya a gefen shago tare da Mai Wanki. Ya ce wa Tela ba rigima ta kawo shi ba. Ya roƙe shi ya je da ƙafarsa ya sayo magani inda ya ga dama, ya auna da hannunsa, ya tsoma takarda, ya kuma kulle kwanukan a kabad ɗinsa har gobe. Tela ya ce shi da ƙwari ke neman korar masa masu kawo ɗinki, yau kuma a kabad ɗinsa za a sauke su? Amma mutum ne mai son a ga ƙarshen magana, ga kuma jama'a sun fara taruwa. Ya je ya sayo. Wajen awo ma sai da ya ƙara ɗan kaɗan, ina kallonsa.

Washegari bayan an karya Tela ya fito da kwano uku ya jera a kan teburin yanka. Na baƙi duk sun mutu. Na 'yan gida suna yawo. Ya sa tabaransa ya duba, ya cire ya goge ya sake dubawa. Wani daga baya ya ce to ai Tela ne ya auna, ko shi ma ruwan ya sayar wa kansa? Aka yi dariya, wannan karon ba da Mai Feshi ake ba. Da a nan ya tsaya, da ya koma gida da makullai a ranar.

Sai ya nuna kwano na uku, wanda fiye da rabinsu ke raye. Ya ce waɗannan da matattun can gado ɗaya aka kakkaɓo kakanninsu, bambancin kawai waɗannan shi ya rene su da ruwan ɗauraya, zubi bayan zubi, kamar yadda ya yi shekaru yana yi a gidan haya.

Tela ya ce, “To ashe dai ruwan ne.”

“Ruwan ne,” in ji Mai Feshi. “Amma ba wanda na sayar maka ba. Wanda na bayar kyauta.”

Mai Wanki ta gyara mayafinta ta ce mu ma mun daɗe da sanin ba ya aiki, kunya ce ta hana mu faɗa. Wasu suka jinjina kai. Wasu suka watse suna cewa ko ta wace hanya dai shi ya jawo musu. Tela ya kwashe kwanukan ya juye a garwashin dutsen gugarsa, ya koma kan keken ɗinkinsa. Ba wanda ya miƙo makulli.

Da asubar washegari Mai Feshi ya zo gidanmu da tukunyar dahuwar biki da ya aro da buhun siminti rabi. Ya ce tunda a nan ya fara ɓarnar a nan zai fara gyara, kuma ba ɗaki ɗaki ba, gidan gaba ɗaya a rana guda, don kada su gudu daga nan su fake can. Aka fito da gadaje tsakar gida aka riƙa kwarara musu tafasasshen ruwa a kowace gaɓa. Tufafi da zannuwa Mai Wanki ta dafa su. Abin da ba ya dafuwa aka ƙulle a baƙar leda aka hau da shi rufin gida, rana ta yi aikinta. Shi kuma yana bin bango yana liƙe tsaga. Magani sai a ƙarshe, wani iri dabam da ya nemi shawara a kai, a cikakken awo. Bayan ɗan lokaci ya dawo aka maimaita saboda ƙwan da ya tsira.

Katifu ne suka gagare mu. Ba a jiƙa su, ɗinkinsu kuma nan ne gidan ƙwai. Muna ta fama da ƙaramin dutsen gugar Mai Wanki, yana hucewa kafin a kai ƙarshen gefe ɗaya. A zuwa na biyu ne muka ji sallama, sai ga Tela da ƙaton dutsensa na shago, garwashi na ci a ciki. Bai kalli Mai Feshi ba. Ni ya ce wa, Inna, matsa, tun daga shago yake jin labarin muna ƙona katifu, ɗinki kuwa sana'arsa ce. Ya sa yatsa ya buɗe kalmasar, ya ɗora jiƙaƙƙen yadi, ya danna dutse, tururi ya tashi. Haka ya bi katifun gidan har azahar, yana yi yana mita cewa ba wanda ya iya komai a layin nan.

Muka jira. Wata ya wuce, wani ya bi shi, zanen gadona fari tas. Mai Feshi bai yarda da bakina ba kuma, kuma ban ga laifinsa ba. Duk zuwan da zai yi sai ya naɗe katifar da kansa ya duba. Ya ce idan akwai wanda aka haifa da jure magani, ba mamaki a sami wanda ya fi 'yan'uwansa iya ɓuya daga zafi, don haka ba zai sake dogara da hanya ɗaya ba. Ruwan ɗauraya kuwa rami ya haƙa masa a bayan gidansa, nesa da rijiya. Amarya ta ce har yanzu sai ya ɗan tsaya da tankin a hannu kafin ya juye.

Ran nan ina dawowa daga cefane na hango shi zai wuce shagon Tela, ya gyara igiyar tankin amma kafaɗar ta ƙi komawa. Tela na kan keke, bai ɗago kai ba ya ce, “Mai Feshi.”

Ya yi taku biyu kafin ya gane da shi ake. Ya juyo. Tela ya sa hannu a aljihu ya ajiye makulli a bakin tebur, shuɗin zaren na nan bai cire ba.

“Hau sama ka duba mini gadon nan. Ina da ɗinki, ba zan iya tsaya maka ba.”

Mai Feshi ya ɗauka, ya kwance wayar ƙugunsa ya zura shi kusa da nawa, ya nufi matakala. Ni kuma na wuce gida, la'asar ta kusa.